Gaiwar da ke kwance cikin huhu: yadda ƙwayar cuta ke auna abincinta

Ina ɗan shekara goma na bi kawuna haƙon gaiwa a fadamar Logon, kudu da Kusiri a arewacin Kamaru, ana tsakiyar rani. Ƙasa ta bushe ta daddare, ko ɗigon ruwa babu, shi kuwa yana tafe a sunkuye yana neman wata 'yar ƙofa a jikin laka wadda ni ko lura da ita ban yi ba. Inda ya gan ta sai ya kafa fartanya. Can sai ga wani curi ya fito. Ya fasa shi da ƙota, ga kifi nan a nannaɗe cikin busasshen yauƙi, kai ya haɗu da wutsiya, ba ya ko motsi.

"Kawu, ai wannan mushe ne."

"Mushen da ke jiran damina," in ji shi. "Sa shi a kwano ka zuba masa ruwa."

Kafin la'asar kifin nan ya fara juyi a cikin kwano.

Bayan shekaru tarin fuka ya kama wannan kawun nawa. Aka rubuta masa magani na wata shida, ya sha na wata biyu, tari ya lafa, nama ya fara dawowa, sai ya ajiye. Da na yi masa magana ya ce, "Ɗana, wanda ya warke me zai ci gaba da haɗiya?" Ban sami amsar da za ta shige shi ba a ranar, kuma abin yana ci mini rai har yau, domin amsar tana cikin sana'arsa. Ƙwayar da ke huhunsa ta yi abin da gaiwa ke yi ne. Ta ji abinci ya ja baya, iska ta yi ƙaranci, ta rage numfashi ta kwanta.

Mu dai mun saba ɗaukar ƙwayar cuta kamar maƙiyin da ya fito da niyyar kisa. Wanda ya zauna ya karanci rayuwar bakteriya zai ga cikinta ne ke jan ragamarta. Inda za ta nufa, lokacin da za ta hayayyafa, lokacin da za ta saki guba, lokacin da za ta yi likimo, duk suna rataye da abin da ta ɗanɗana a inda take. Ba ta da ƙwaƙwalwa, kuma idan na ce "ta ji" ko "ta sani" kada a ɗauka tunani take yi. Halitta ce mai ɗaki ɗaya tal, wadda in an jera dubu ba za su kai tsawon ƙwayar dawa ba. Jin nata shi ne wani sinadari ya zo ya dace da wani furotin kamar yadda makulli ke dacewa da kwaɗo, furotin ɗin ya sauya siffa, sauyin ya buɗe wani aiki ko ya rufe shi. Sai dai irin waɗannan kwaɗuna suna da yawa, kuma a sarƙe suke da juna, har abin da ke fitowa ya yi kama da dabarar maigida mai tattali.

Wanda ya fara kama bakin zaren wani Bafaranshe ne, Jacques Monod, a birnin Faris a 1941. Ya zuba wa bakteriya sukari iri biyu a kwalba ɗaya, yana auna yadda suke ƙaruwa. Da ya haɗa gulukos da irin sukarin da ke cikin madara, sai ya ga sun yi ta ƙaruwa, sun tsaya cik na ɗan lokaci, sannan suka sake tashi. Ashe gulukos suka fara cinyewa, saboda shi ne mai sauƙin sarrafawa, ba su taɓa ɗayan ba. Tsayawar nan kuwa lokacin ƙera kayan aikin da za su fasa sukarin madara ne. Duk wadda ta riƙe gida ta san wannan lissafi: muddin akwai gari a ƙwarya ba a ɗauko turmi a fara surfe. Shekara 20 bayan haka, a 1961, shi da François Jacob suka bayyana yadda abin ke gudana. Kundin gadon bakteriyar hanji ta E. coli yana da shafi sama da 4,000, kowanne da umarnin ƙera wani abu, amma ba duka ake buɗewa lokaci ɗaya ba. Akwai furotin da ke zaune a kan shafin sukarin madara ya danne shi, ba ya ɗagawa sai sukarin ya iso. Daga baya wasu masu bincike suka gano akwai kuma wata alama ta cikin gida da ke ƙaruwa idan gulukos ya ƙare, ita ce ke cewa a nemi wani abincin. Sai sharuɗɗan biyu sun cika ake buɗe shafin sosai. Aikin Monod da Jacob ya ba su kyautar Nobel a 1965 tare da André Lwoff, dukansu a Cibiyar Pasteur, sunan da mutanen Garwa suka sani a jikin ɗakin gwaje-gwajen da ke garinsu.

Labarin waje kuwa ta hannun 'yan biyu yake shigowa. Ɗaya furotin ne da ke kafe a jikin bango, rabinsa a waje rabinsa a ciki, kamar mai gadi a zaure. Ɗayan yana ciki, ɗan aike ne. Mai gadi ya ɗanɗani wani abu, sai ya liƙa wa ɗan aike wata 'yar alama ta fosfet, shi kuma ya ruga ya buɗe shafukan da suka dace. E. coli tana da wajen 30 na irin waɗannan. Salmonela, dangin da ke kawo zazzaɓin taifod, tana da wasu da ke gane cewa farar ƙwayar jini ta haɗiye ta, saboda a can ciki akwai tsami kuma sinadarin magniziyam ya yi ƙaranci. Da ta ji haka sai ta sauya rigarta ta waje, ta mai da cikin wanda ya haɗiye ta ɗakin kwana.

A wajenmu babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a kwalara. Annobar da muke fama da ita ta faro ne daga Indonesiya a 1961, ta shigo Afirka a 1970, ta iso kewayen Tafkin Chadi a 1971, kuma wanda ya ga daminar 2010 a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru ba ya bukatar a ba shi labari. Ƙwayar, Vibrio cholerae, asalinta 'yar ruwa ce. Tana manne wa ƙananan ƙwarin ruwa tana cin ɓawon jikinsu, irin ɓawon da ke jikin fara. A can ba ta ƙera guba, domin guba tsada gare ta kuma babu wanda za a zuba wa. Sai mutum ya sha ruwan. Tsamin ciki yana kashe mafi yawansu. Waɗanda suka tsallake zuwa ƙaramin hanji sukan tarar da ɗumin jiki da ruwan maɗaciya, alamun da ke cewa an bar kogi. Ko a nan ba ta gaggawa. Wasu nau'o'in kitse da ke cikin ruwan maɗaciya suna riƙe furotin da ke kunna gubar, don haka muddin tana tsakiyar hanji iyo kawai take, tana kutsawa cikin majinar da ta lulluɓe bango. Sai ta kai jikin bangon, inda hanji da kansa ke fitar da bakabonet, dangin abin da ke cikin kanwa, sannan ta fito da zarurrukan da take manne wa da su, ta saki guba.

Gubar takan shiga ƙwayoyin bangon hanji ta danne wata ƙofa a buɗe, gishiri ya yi ta fita, ruwa ya bi shi. Shi ne zawon nan mai kama da ruwan wankin shinkafa, wanda a tsananinsa babban mutum kan zubar da kusan lita guda a awa. To mene ne ribarta? An daɗe ana cewa hanya ce ta komawa ruwa ta sami wani, kuma haka ne. A 2019 masu bincike a Jami'ar Harvard suka ƙara wani abu daga gwajin da suka yi a kan jariran dabbobi: ɓarnar da gubar ke yi tana sa sinadarin ƙarfe na jini da kitse su tsiyayo cikin hanji, ƙwayar ta ci ta ninka. Wato gubar hanyar cin abinci ce. Idan kuma suka yi yawa, suna ƙidaya kansu. Kowace tana fitar da wani ɗan sinadari, idan ya taru ya yi kauri sai su san wuri ya cika, abinci ya kusa ƙarewa. Nan take su kashe aikin gubar, su saki bango, su bi zawo su fita. Bonnie Bassler ta Jami'ar Princeton na cikin waɗanda suka warware wannan ƙidaya.

Abin da ke ceton rai a nan shi ma maganar abinci ce, amma ta ɓangarenmu. Hanjin mutum yana da wata ƙofa da ke shigar da gishiri tare da gulukos, hannu da hannu, ruwa ya biyo su, kuma gubar kwalara ba ta taɓa wannan ƙofa. Dalilin ruwan gishiri da sukari ke nan. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash, da ledojin ƙarin ruwa suka ƙare wa Dakta Dilip Mahalanabis sai ya koma ba mutane wannan haɗi da kofi, mace-mace suka sauko daga wajen kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A yi ta ba shi ana kan hanyar asibiti.

Amma babban filin daga tsakaninmu da bakteriya shi ne ƙarfe. Kusan duk mai rai yana bukatar sinadarin ƙarfe don numfashi da ƙera kayan gado. Jikin babban mutum yana ɗauke da giram 3 zuwa 4, yawancinsa a kulle cikin jajayen ƙwayoyin jini, sauran a hannun wasu furotin da ke riƙe shi gam. Wanda ke yawo sake a jini bai isa ya ciyar da komai ba. Da zarar cuta ta shigo kuma, hanta takan saki wani sinadari mai suna hefsidin, wanda ke rufe ƙofofin da ƙarfe ke bi ya shiga jini, daga hanji da kuma daga rumbunan jiki. Cikin awoyi kaɗan ƙarfen jini ya faɗi. Dabarar mutanen da ne idan mahara suka doso gari: a kwashe hatsi a rufe rumbu, a bar su da yunwa. Nonon uwa ma yana da irin wannan furotin mai kama ƙarfe, kuma ya fi yawa a dakashi, nonon farkon nan da har yanzu wasu gidaje ke matsewa su zubar. Duk lokacin da na ji an zubar da shi sai in ji kamar an kwance wa jariri ƙofa.

Su ma bakteriya ba su zauna ba. A cikinsu akwai furotin da ke auna ƙarfe. Idan ya wadatu, furotin ɗin ya danne shafukan neman ƙarfe. Idan ya yanke, ya saki. Daga nan sai su fara jefa wasu ƙananan ƙugiyoyi waje, masu kama ƙarfe da ƙarfin da ya fi na furotin ɗinmu, su fizgo shi su dawo da shi gida. Jiki ya ƙera abin da ke cafke ƙugiyar. Salmonela ta shafa wa tata ƙugiyar sukari yadda abin cafkewar ba zai gane ta ba. Ƙwayar sanƙarau, wadda ke tashi mana idan iskar hunturu ta busar da hanci har zuwa zafin bazara, ita ba ta ma jefa ƙugiya: kama furotin ɗinmu take da hannu ta zare ƙarfen daga jikinsa. Mashaƙo kuwa ya fi kowa nuna alaƙar yunwa da guba. Tun shekarun 1930 aka lura ƙwayarsa ba ta zuba guba sosai sai ƙarfe ya yi mata ƙaranci, daga baya aka gano furotin da ke auna ƙarfen shi ne ke zaune a kan shafin gubar. Ta ji yunwa, ta kashe naman maƙogwaro, abin da ke ciki ya zubo.

Wannan yana da nasaba da kwalaben maganin ƙarin jini da ake saya a teburan kasuwa a ɗura wa yaro mai zazzaɓi don an ga idonsa ya yi fari. A tsibirin Pemba na Zanzibar, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, an yi gwaji a kan yara wajen 24,000, aka buga sakamakon a 2006. Yaran da aka riƙa ba ƙarfe ba tare da tantancewa ba sun fi kwanciya asibiti, har aka dakatar da wannan ɓangare na gwajin kafin lokacinsa. Kada a juya maganata. Ƙarancin jini yana kashe yara da masu ciki a ƙasar nan, kuma wanda ke da shi yana bukatar ƙarfe. Abin da aka koya shi ne a haɗa shi da rigakafi da maganin zazzaɓin cizon sauro, kuma ma'aikacin lafiya ne zai faɗi lokacin. Wani farin idon na rashin ƙarfe ne, wani kuma jiki ne ya rufe rumbu da gangan, kuma mai tebur ba shi da abin da zai bambance su.

Saura abin da ke faruwa idan yunwar ta kai maƙura. A 1969 Michael Cashel da Jonathan Gallant suka ga wani ɗigo da ba su sani ba ya bayyana a takardar gwajinsu duk lokacin da suka hana bakteriya kayan ƙera furotin. Ɗigon nan ƙararrawar fari ce. Idan injin da ke ƙera furotin ya miƙa hannu ya ji wayam, sai a buga ta, gida duka ya sauya: a daina gina sababbin injuna, a daina rabuwa biyu, a koma tsimi da gyaran abin da ke akwai. To yawancin magungunanmu masu aiki suke kamawa. Fenisilin yana rushe bango ne a lokacin da ake gina shi. Wanda ba ya gini, me za a rushe masa? Wani likita ɗan Ailan, Joseph Bigger, ya ga haka tun 1944: ko ya zuba fenisilin mai yawa sai 'yan ƙalilan sun tsira, kuma idan ya raine su, 'ya'yansu na mutuwa da maganin kamar kowa. Ba su gagari maganin ba, barci ya tarar suna yi. Wannan daban yake da bijire wa magani da ake gada, inda kundin gadon ne ya sauya, ko da yake na farkon yakan share wa na biyun hanya, domin wanda ya kwana da rai shi ke samun damar sauyawa.

Ƙwayar tarin fuka ita ce gwanar wannan fage. E. coli na iya rabuwa biyu cikin minti 20, ita kuwa ko tana cikin daɗi sai ta kusa kwana guda. Tana shiga cikin fararen ƙwayoyin jinin da aka turo su cinye ta, jiki ya kewaye wurin da katanga, iska da sukari su yanke. Sai ta koma cin kitse, har da kolestarol na jikin mai ita, ta buɗe wata gajeriyar hanyar sarrafa shi wadda ba ta asarar komai. Idan iska ta ƙara ja baya, masu gadinta su ji, su buɗe shafuka kusan 50 na zaman likimo. A haka za ta iya shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ita, yawancinsu ba za su taɓa yin ciwon ba.

Daga nan wata shida ya samo asali. Wata biyun farko ana haɗa magani huɗu. Isoniyazid yana hana ginin bango, shi ke share masu hayayyafa cikin 'yan kwanaki, shi ya sa tari ke lafawa da wuri har mutum ya ga ya warke. Rifamfisin da firazinamid su ne ke bin waɗanda suka lafe, kuma shigowarsu ce ta rage jinyar daga shekara ɗaya da rabi zuwa wata tara, sannan zuwa shida. Wata huɗun ƙarshe na jiran masu barci ne, duk wadda ta ɗaga kai ta tarar da magani a jini. Masu bincike na neman hanyar tashin su da gangan. A 2011 wasu a Boston suka nuna cewa idan aka ba irin waɗannan masu barci na E. coli wani nau'in sukari tare da maganin jentamaisin, sukarin kan kunna ƙofar da maganin ke bi ya shiga. A ɓeraye aka gwada, kuma bai zama abin da wani zai haɗa a gida ba.

Katangar da ke tsare ƙwayar tarin fuka kuwa da abinci ake riƙe ta. Rashin cin abinci mai gina jiki yana sahun gaba cikin abubuwan da ke tayar da tarin fuka a duniya, tare da ƙanjamau da ciwon sukari. A jihar Jharkhand ta Indiya an raba wa iyalan masu tarin shinkafa da wake-wake da ƙarin sinadarai kowane wata, sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna sababbin kamuwa sun ragu da wajen kashi 40 cikin 100. Idan na karanta wannan sai in tuna watannin da rumbu ke yin ƙasa a ƙauyukanmu kafin sabon hatsi ya nuna, da gidajen da ambaliya ta kora suka bar masakwarsu a gona. Ana ba da maganin tarin fuka kyauta, amma babu mai ba da tuwon da za a sha shi a kai, kuma a ganina shirin da ya raba biyun nan ya bar rabin aikin.

Kawu ya yi wata bakwai lafiya lau, har ya koma kogi. Da damina ta tsaya tarin ya dawo, wannan karon da jini. Aka sake ɗora shi a kan magani, na wata takwas kamar yadda ake yi wa masu komawa a wancan zamani, wata biyun farko da allura kowace safiya. Ni nake kai shi a bayan keke. Inna takan dama masa kunun gyaɗa ta zuba a kwalba, ya sha idan an fito, a inuwar dalbejiyar da ke ƙofar asibitin, yana riƙe da katinsa da aka yi wa alama ɗaya a ranar.